Yadda Za Ka Tsinke Wayar But Ɗin Motarka Ka Huta Da Ɓarayi

Sunana Garzali. Shekara ashirin da uku ina gyaran ƙofofi da makullan mota a Moduganari. A aji huɗu na tsaya da boko, saboda haka kada ka zo mini da gyaran rubutu. Alkawari ɗaya na yi maka: in ka bi matakan nan daki-daki, babu ɓarawon da zai sake ɗaukar ko tsinke a but ɗin motarka. Ba shi kaɗai ba ma, babu ɗan Adam ɗin da zai ɗauka. Ba ni na ƙirƙiro hanyar ba, maƙwabcina Ajimi ne. Ni dai na rubuta ne don kada ilimi ya salwanta.

Mataki na ɗaya: Ka samu a yi maka sata

Ba a fara wannan aiki da hankali kwance, sai da fushi. Ka ajiye mota a bakin kasuwa da rana tsaka, ka sauke gilashi kamar yatsu huɗu don kada kujera ta gasa ka in ka dawo. Ɓarawo zai zo da waya mai ƙugiya, ya zira ta, ya ɗago ɗan hannun nan da ke gindin kujerar direba, but ya ce ƙwas.

Haka aka yi wa Ajimi. Abin da aka ɗauka: takalmin ƙwallo wanda rabonsa da sawa tun yana da gashi a ka, sai galan guda da ba komai a ciki. Amma in ka ji shi yana ba da labarin a majalisa, sai ka rantse garken shanu aka kore masa.

In wani ya ce ka riƙa rufe gilashi kawai, ka harare shi. Babban mutum ba ya magance matsala da abin da yaro ma zai iya.

Mataki na biyu: Kada ka tambayi wanda ya sani

Tsakanin shagona da gidan Ajimi taku arba'in ne. Da ya tambaye ni, da na gaya masa masu ƙera irin motarsa sun riga shi wannan tunanin. Ka sa makulli a ramin but, ka murɗa baya, ka zare, hannun ciki ya daina aiki. Ran da ka ga dama ka mayar. Ba yanka, ba walda. Amma a wurin irin su Ajimi, gyaran da ba a ji ƙarar guduma ba, ba gyara ba ne.

Kai ma wayar salula za ka tambaya. Ka kalli wani Bature yana magana ta hanci a garejinsa mai sanyi, ka gane ɗaya cikin goma, sauran taran ka cike da kanka.

Na ga Ajimi da filaya sabuwa dal, na ce, "Malam Ajimi, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Malam Garzali, wani ɗan bincike nake yi. Ba irin aikinku na gargajiya ba ne."

Na ce Allah ya ba da sa'a, na koma kan ƙofar da nake bugu.

Mataki na uku: Ka toshe ta baya

Ɓarawo mai naci zai iya kwantar da kujerar baya ya shiga but ta nan. Ba a taɓa yi wa kowa haka a unguwarmu ba, amma kai ka fi kowa hangen nesa. Ka tafi wurin mai walda. Ajimi wurin Dzarma ya je, ya sa ya liƙa faffaɗan ƙarfe a bayan kujera, irin wanda ake ƙofar shago da shi.

Dzarma ya ce, "Oga, in na liƙa wannan, ni kaina sai da inji zan cire shi fa."

Ajimi ya ce, "Abin da nake son ji ke nan. Ƙara masa wuta."

Mataki na huɗu: Kada ka gwada makullinka

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ya fi sauƙi, don ba abin da za ka yi. Motarka 'yar Kwatano ce, ta wuce hannu biyar kafin ta zo naka. Makullin da aka ba ka a kasuwa aka yanko shi. Yana buɗe ƙofa, yana ta da inji, amma ramin but bai taɓa ganin fuskarsa ba. Shekara shida yashin garin nan yana shiga ramin yana zama. Kada ka leƙa. Gwaji na masu shakka ne, kai kuwa ka yarda da kanka.

Mataki na biyar: Ka zaɓi ranar da ba ta da gyara

Ba a tsinke waya a ranar banza. Ka jira ranar da abin da ke cikin but ya fi motar daraja.

Mahaifiyar Ajimi, Ya Zainaba, ta haura saba'in, ga ciwon baya. Shekara takwas tana kiwon tumaki a Galtimari don ta je Umra. Ranar ta zo. Jirgin ƙarfe sha ɗaya zai kai ta Abuja, ta haɗu da ayarinsu, washegari da yamma su tashi. Fasfo da tikiti suna cikin wata 'yar jakar yadi da ta rataya a wuya.

Ajimi ya ce, "Ya, kawo takardun nan. Filin jirgi cike yake da 'yan yankan aljihu."

Ta ce, "Tun kafin in haife ka nake riƙe kayana, ban taɓa yar da ko allura ba."

Ya ce, "Wancan zamani ne, Ya. Yanzu na yi wa motar nan tsaron da babu irinsa a Barno."

Ya karɓa, ya tura cikin babbar jakarta, ya ja hannun but ja na ƙarshe, ya saka jakar. Sannan ya ɗauko filaya. Ka lura da kyau a nan. Kada ka yanke wayar a gefen direba, inda mai gyara zai iya kama guntunta ya ja. Ka yanke ta can ciki, dab da maƙallin murfi, ka zare sauran gaba ɗaya ka jefar a kwata. Sai ka rufe but da hannu biyu, gam, ka kakkaɓe tafi, ka duba ko maƙwabta sun gani.

Mataki na shida: Ka manta garin da kake

Wannan gari ne da ko asibiti za ka shiga, ko masallacin Juma'a, ko gidan biki, sai an ce ka buɗe but. Yaran da aka haifa a nan sun iya kalmar kafin su iya sunan babansu. Kai ka manta.

A ƙofar filin jirgi jami'in tsaro ya leƙo ya ce, "Sannu Alhaji, a buɗe but."

Ajimi ya fito yana kaɗa makulli a yatsa. Ya zira, ya shiga rabi ya tsaya. Ya tofa masa yawu, ya sake. Ya juya shi ta ɗaya fuskar. Motoci suka jeru a baya suna ta hon.

Ya ce, "Yallaɓai, ai tsaro ne na yi masa."

Jami'in ya ce, "Mu ma shi muke yi. Koma gefe."

Mutumin kirki ne, har ya ce Hajiya za ta iya sauka ta shiga da ƙafa in tana da takardunta. Ya Zainaba ta taɓa wuyanta. 'Yar jakar tana cikin but.

Mataki na bakwai: Yanzu ka kira ɗan gargajiya

Goma saura kwata wayata ta yi ƙara, Ajimi ne. Ranar ba Malam Garzali ba ne, "ɗan'uwana" ne. Na tari Keke na tafi, ba don shi ba, don tsohuwar.

Na ce, "Ina ka yanke wayar?"

Ya ce, "A ciki."

"Kujerar baya fa?"

"Dzarma ya rufe."

"Makullin asali?"

"Wane ne kuma na asali?"

Na ɗura wa ramin man birki, na yi ta sakace da waya ina fito da yashi, kusan rabin awa. Da ƙyar makullin ya juya. Ya juya sumul, murfi ko motsi. Ashe an taɓa bugun motar ta baya tun kafin ta zo hannunsa, wanda ya gyara bai mayar da ɗan sandan da ke haɗa makulli da maƙalli ba. Duk shekarun nan wayar da ya jefar a kwata ita kaɗai ke buɗe masa but.

Muka juyo zuwa wurin Dzarma. Babu wuta, sai da aka ta da janareto. Muka cire kujera, Dzarma ya fara yanka ƙarfen da ya liƙa da hannunsa, a hankali, ina tare tartsatsi da jiƙaƙƙen buhu, don jakar tana jingine da ƙarfen ta ciki.

Ajimi ya ce, "Dzarma, yi sauri mana!"

Dzarma ya ce, "Kai ka ce in ƙara masa wuta, Oga. Na ƙara."

Mataki na takwas: Ka ɗaga kai

Ya Zainaba tana zaune kan benci a inuwar dogon yaro, carbi a hannu. Muna tsakiyar yanka wata ƙara ta danne ta janareto. Duk muka kalli sama.

Ta ce, "Ajimi, namu ne wancan?"

Ya ce, "Ya, wataƙila na Legas ne."

Ta ce, "Namu ne."

Bayan minti goma ƙarfe ya faɗi. Ta ture hannunsa, ta jawo jakar da kanta, ta ciro 'yar jakar yadin ta mayar wuya. Aka bincika jirgin washegari, a cike yake. Ajimi ya ce zai kai ta Abuja a motar yanzu-yanzu. Ta dubi motar, ba kujerar baya, hayaƙi na fita ta gilashi, ta ce mini, "Ɗana, tarar mini Keke zuwa tasha."

Haka ta shiga motar haya da wannan bayan nata, jaka a kan cinya, ta ƙi yarda a sa ta a but. Ta kwana a Bauchi, washegari ta iske ayarin a Abuja suna layin shiga jirgi. Kafin motar ta tashi Ajimi ya tsuguna a gefen taga yana neman gafara. Ta ce, "Na yafe. Da na yi niyyar roƙa maka arziki in na ga Ka'aba. Yanzu na san abin da ka fi buƙata."

Gargaɗi

Ni Garzali ba ruwana da duk abin da ya biyo bayan karanta wannan. In ka makara, in an tsare ka a gefen titi rana na dukanka, in naman da ka kulle ya fara kiran ƙudaje, tsakaninka da motarka ne. Shagona yana buɗe daga safe zuwa magariba, kuma ina gyara aikin masu bincike kamar yadda nake gyara na hatsari. Sharaɗina ɗaya ne: ka sauke tsohuwarka a gida kafin ka kira ni. Na ga yadda Ya Zainaba ta kalli sama sau ɗaya, ba na son in sake gani.