Alhaji Nasidi Ya Sayi Cinkoso

A layin 'yan kwamfuta na Kano an yi wani Alhaji Nasidi, mai shago ƙofa biyu da gilashi har ƙasa. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, sai dai yana da ciwo guda, ciwon kuwa shi ne shagon da ke kallon nasa. Shagon na Malam Tasi'u ne, ɗan tsukuku, fanka ɗaya ce a ciki, ita ma tana juyawa kamar roƙonta aka yi. Amma tun daga hantsi har la'asar ƙofar Tasi'u ba ta rabuwa da jama'a. Babura a jere, benci a cike, wasu a tsaye rungume da kwamfutoci. Shi kuwa Alhaji, a iliminsa na kasuwa, yawan babura a ƙofar shago shi ne ma'aunin ciniki. Kullum sai ya ja kujera gaban gilashi ya zura musu ido, har abincin rana ya huce a gabansa.

Da ya bincika, sai aka ce masa sirrin wata manhaja ce mai suna Tsaf. Tasi'u ne ya sa aka rubuta masa ita, kuma duk kwamfutar da ta fita daga shagonsa da ita take fita. Masu shagon buga takardu da ƙananan makarantu da ita suke haɗa katin biki da sakamakon jarrabawa. Wanda ya kawo masa labarin ya ce, "Duk mutanen nan da kake gani, Alhaji, saboda Tsaf suke zuwa." Kuma bai yi ƙarya ba.

Ana cikin haka sai magana ta bazu a layin cewa Hajiya Uwani, mai makarantu a bayan gari, za ta buɗe cibiyar jarrabawa, tana neman wanda zai cika mata zaure guda da sababbin kwamfutoci. Irin cinikin da ɗan kasuwa zai yi ya daɗe yana ba jikokinsa labari. Alhaji ya san halin masu kuɗi, inda suka ga taro nan suke tsayawa, don haka ya ƙudurta a ransa ko ana ha-maza-ha-mata taron nan sai ya dawo ƙofarsa kafin ta zo. Dama ya taɓa jin yadda manyan kamfanonin ƙasashen waje ke yi: in ƙaramin abokin gasa ya hana ka barci, ba ka tsaya cacar baki da shi, sai ka saye abin da yake taƙama da shi.

Ya aika dillali. Abin mamaki, Tasi'u bai ja ba. Ya ce albarka don kada a ce bai ce ba, da aka ɗan ƙara sai ya sallama. Alhaji ya ɗauki wannan a matsayin tsoro, har ya ɗan ji tausayinsa.

Aka zauna gaban shugaban layin, Baba Ɗanjuma, don a shaida. Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Baba, a ji da kyau. Na sayi Tsaf, da sunanta, da duk wanda ke amfani da ita. Daga yau duk mai Tsaf a kwamfutarsa nawa ne. Ko gaisuwa ya zo yi wa Tasi'u, wurina zai turo shi."

Tasi'u ya sunkuyar da kai ya ce, "Dukkansu, Alhaji?"

"Kar ka rage ko ɗaya."

"To, Allah ya sanya albarka."

Aka shafa fatiha. Da za a tashi, Tasi'u ya ce tunda ba a ciniki babu gyara, ya bar wa Alhaji bencin. Alhaji ya yi godiya, ya ce ashe yaron nan yana da tarbiyya.

Washegari babura suka tsallaka titi. Alhaji ya sha babbar riga sabuwa dal, ya sa aka sauke ruwan leda mai sanyi, ya tari na farko da hannu biyu.

"Sannu da zuwa! Kwamfuta nawa za a ba ka?"

Mutumin ya ɗora tasa a kan tebur. Ya ce shi mai buga katin biki ne, Tsaf ta buga masa kati da sunan amaryar wannan makon da sunan angon makon jiya, kuma an riga an raba. Na biyu shugaban wata makaranta ne. Ya ce Tsaf ta ba kowane yaro matsayi na ɗaya a ajinsu, iyaye suka yi ta zuwa godiya har suka haɗu da juna a bakin ofishinsa. Na uku ya buɗe kwamfutar kawai, ya nuna allon da ya daskare tun shekaranjiya, ya nemi wuri a benci ya zauna irin zaman wanda ya saba.

Alhaji ya nemi wanda ya rubuta manhajar, aka ce ya tafi karatu ƙasar waje, lambarsa ba ta shiga. Ga shi al'adar layin ba a korar mai ƙorafi. Wanda ya dawo da kayanka baƙonka ne, ka ba shi wurin zama da ruwa har sai an gyara masa. Su kuma mutanen Tsaf sun daɗe tare, sun san juna, har suna tambayar lafiyar iyalan juna. Sun yaba da sanyin shagon ƙwarai, wasu ma suka fara zuwa da abincinsu.

Ranar da Hajiya Uwani ta zo, lissafin Alhaji ya yi daidai. Ta dubi shagon Tasi'u fayau, ta dubi baburan ƙofar Alhaji, ta ce wa direbanta ya tsaya nan. Ta tarar mai katin biki ya riƙe Alhaji da bayani, ga ɗan'uwan angon makon jiya a tsaye a bayansa. Aka matsa mata a bakin benci, kusa da shugaban makarantar nan. Suka gaisa, ta ce, "Malam, na ga wurin nan da albarka. Yaya kayansu?"

Ya dube ta a natse ya ce, "Hajiya, makaranta gare ki?"

"Har uku."

"Kina zaune lafiya da iyayen yara?"

"Lafiya ƙalau."

"To, ki tashi."

Kafin Alhaji ya kuɓuta ta tsallaka titi. Ta gilashin nan nasa mai tsada ya tsaya yana kallon ana loda kwalaye a motar makaranta, Tasi'u na tsaye a ƙofar shagonsa da aka share tas, babu babur ko ɗaya. Ga kuma wani a gefe yana tambayarsa ko akwai sauran ruwan sanyi.

Bayan sallar la'asar ya tare Tasi'u a ƙofar masallaci, gaban Baba Ɗanjuma.

"Tasi'u, ka cuce ni! Ba mutanenka na saya ba?"

Tasi'u na neman takalminsa ya ce, "Wanne ne bai zo ba, Alhaji? Faɗi sunansa in turo shi yanzu."

"Hajiya Uwani fa?"

Tasi'u ya zura takalmin, ya ɗago da ladabi.

"Ai ita ba ta da Tsaf, Alhaji. Amma in ka ba ni izini in sa mata, daga gobe ita ma taka ce."