Tuwon Sin

Shekarar da Yaya Hajara, yayar maigidana, ta zo mana Jidda daga Sudan, na ƙudura sai na ciyar da ita abin da zai sa ta yaba, don baiwar Allahn nan ba ta taɓa yabon girkin kowa ba. Maigidan yana aiki a tashar jiragen ruwa, inda wani kuku ɗan Sin ya kwatanta masa soyayyar shinkafarsu: jatan lande, ƙwai, albasa, sai naman alade, wanda muka yi a'uziyya muka musanya da na rago.

Maigidan ya ce, "Amma fa kukun ya ce lallai shinkafar ta kwana ta huce."

Na ce, "Ɗumame zan ba baƙuwa? A gidana? Halas, ya isa haka, Malam, bar mini kayana."

Na dafa sabuwa mai laushi, na juye ta cikin mai da tururinta, ina tausayin mutanen Sin da ba su san darajar baƙo ba. Da ta fara kama tukunya, sai hannuna ya ɗauko muciya da kansa. Na tuƙa, na ƙara tuƙawa. Shinkafa ta haɗe jiki guda, jatan lande na leƙowa ta gefe.

Yaya Hajara ta wanke hannu a natse, ta yanko loma, ta juya ta.

"Masha Allah, amarya. Ina miyar?"

Yau har jikoki gare ni, amma duk sallah sai wani ya leƙo madafa ya ce, "Hajiya, tuwon Sin za a yi? In kawo kuka?"