Rasuwar Mazubin Harsashin Obadiah

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, ni Obadiah, manomi kuma maharbi a wani ƙauye bayan Kwali, nake sanar da 'yan uwa da abokan farauta rasuwar mazubin harsashina. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a bayan ɗakin girkinmu, yana da shekara goma sha shida a duniya.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ɗan ƙarfe ne mai hannu biyu kamar awartaki, da rami zagayayye a cikin bakinsa. A narka dalma a zuba masa, a ɗan jira, a buɗe, sai ya tofo harsashi mulmulalle daidai bakin bindigar toka. Aikinsa ke nan, bai taɓa neman wani ba.

An haife shi a maƙerar abokina Saleh. Mahaifina ya bar mini wani tsohon mazubi da tsatsa ta gama ci, na kai wa Saleh ko zai gyaru. Ya juya shi a hannu ya ce, "Wannan ya gama nasa, Baban Michael. Ba ni kwana uku in ƙera maka ƙaninsa." Sai da ya yi sati biyu. Kullum in na je sai ya ce ramin bai yi masa ba tukuna, in zauna in riƙe masa zugazugi. A wannan zaman muka zama abokai, shi yana tashi salla, ni ina gadin wuta.

Marigayin ba mai surutu ba ne. In dalma ta shiga cikinsa sai ya ce tsss, in an buɗe shi ya ce ƙwas, shi ke nan. Albarkacinsa birai da aladun daji suka san iyakar gonar masarata, har da gonakin maƙwabta. Ba a taɓa harbin mutum da abin da ya fito daga bakinsa ba, kuma ina so a san wannan.

Ciwonsa ya fara ne da daminar bara. Ƙusar da ta haɗa hannuwansa ta saki, baki ya daina rufuwa daidai, harsashi ya riƙa fitowa da kunne a gefe. Na yi ta kankare kunnen da wuƙa ina cewa zan kai shi asibiti in an gama girbi. Da na kai shi, na tarar da maƙera babu wuta, Saleh na kwance a tabarma yana tari. Duk da haka ya karɓa, ya ɗaga shi ya duba.

"Ƙusa ce kawai," in ji shi. "Ajiye shi nan. In na tashi, aikin minti goma ne."

Bai tashi ba. Na raka shi maƙabarta, na tsaya daga baya inda ya dace da ni, na dawo gida na ci tuwo. Matata Iyatu ta yi ta kallona, ta ce, "Baban Michael, ko hawaye ɗaya?" Na ce mata ban san inda suke ba.

Bayan sadakar bakwai, Batulu matar Saleh ta zo har gida da mazubin a naɗe cikin tsumma. Ta ce, "Ga kayanka. Ya ce a ba ka haƙuri, bai samu ya gyara ba."

Wata biyar yana ajiye a saman kanta ban taɓa shi ba. Sai bana masara ta fara goyo, birai suka shigo suka kwantar mini da kunya huɗu a yini guda. Talatar nan na hura gawayi, na ɗaure hannuwansa da waya, na zuba. Ya ce tsss kamar kullum. Daga nan ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga gare shi ba, muƙamuƙinsa na hagu ya rabe biyu. Na tsaya da ludayi a hannu har dalmar ciki ta daskare. Iyatu ce ta zo ta karɓe ludayin daga hannuna.

Na kai gawar wajen wani mai walda a Durumi. Ya ce, "Oga, wannan na yin gullisuwa ne?" Na mayar da gawar aljihu na hau mota.

Ya rasu ya bar bindiga ɗaya, ludayin ƙarfe ɗaya, harsashi bakwai a cikin jaka, da gonar masara da babu mai tsaronta in bakwai ɗin sun ƙare.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe a maƙerar Saleh, wadda ke rufe har yanzu. Batulu ta yarda a binne shi a gindin uwar maƙera, ƙarfen da Saleh ke dukan aiki a kai. Babu rumfa, babu abinci, kuma don Allah kada kowa ya harba bindiga sama. Wanda zai zo ya taimaka ya taho da fartanya. Tawa ma Saleh ne ya ƙera ta, ba na so in sa ta wannan aikin.