Gaisuwar Suruki a Gindin Lilo

"Duk faɗin ƙasar Gezawa, in ka cire ni, babu mahaluƙin da lilon nan yake jin maganarsa," in ji Nababa, yana bugun ƙirji a teburin mai shayi. "In na ce masa tafi, ya tafi. In na ce tsaya, ko numfashi ba ya yi."

To aboki, kafin ka tashi ka ba shi kujera, bari in gaya maka wane ne Nababa. Tun yana ɗan mitsitsi yake fama da ciwon son Lambun Nishaɗi, wurin wasan yaran nan na bakin titin Kano, mai dawakan roba da wani ƙaton lilo mai siffar taya, wanda ke ɗaga mutum sama har ya hango rumbunan ƙauyensu. Duk Sallah sai ya ratsa gonaki a ƙasa, ya manna hanci a jikin waya yana kallo. In ya dawo gida ya ɗaura igiyar guga a reshen tsamiya, ya jera ƙannensa, ya naɗa kansa manaja. Son kam na gaskiya ne, don ranar da aka ɗauke shi aiki a wurin har hawaye ya yi. Sai dai aikin bai wuce buɗe 'yar ƙofa da sharar ledar alawa ba. Mai tuƙa lilon wani ne, Kamaruddeen. Amma a ƙauye, Injiniya Nababa kake ji.

Ana nan, gogan naka ya shiga neman auren Rumaisa. Mahaifinta Malam Ɗanasabe, manomin da ba ya sayen akuya sai ya duba haƙoranta, ya ce, "Ni ba na ba mai sana'ar baki 'ya. Sai na ga aikin nan da idona."

Washegarin Sallah sai ga tsoho da babbar riga da sabuwar hula, Rumaisa na biye. Aka yi dace, ko in ce aka yi rashin dace, Kamaruddeen ya zaga cin garau-garau, ya kuma bar kashedi: "Kada ka taɓa komai."

Nababa ya cire takalmi, ya zube ƙasa. "Baba, barka da zuwa ofishina. Bismillah, a hau a ga ikon Allah."

"Abin nan ba ya kayar da mutum?"

"Haba Baba, ai ni na hore shi."

Tsoho ya tattare riga ya zauna. Sarkin cika baki ya danna maɓalli kamar yadda ya saba gani ana yi, lilo kuwa ya tashi. Daɗi ya kama Nababa, ya kalli Rumaisa ya gyara zaman hularsa.

Ga inda gizo yake saƙar. Birkin lilon wani dogon ƙarfe ne, a tsaye ake jan sa da hannu biyu, daidai lokacin da kujerar mutum ta iso ƙasa. Nababa ya san wannan sarai. Ya miƙe, ya kama ƙarfe, ya ƙame. Amma da kujerar ta sauko, suka yi ido huɗu da suruki, sai gwiwoyinsa suka tuna tarbiyyar da aka yi musu. Ya saki ƙarfe ya durƙusa.

"Baba, an zo lafiya?"

"Lafiya lau," in ji tsoho, don dattijo ba ya ƙin amsa gaisuwa. Lilo ya wuce da shi sama.

Nababa ya miƙe, ya sake kama ƙarfe. Kujera ta dawo, gwiwa ta sake cin amanarsa.

"Yaya mutanen gida?"

"Suna lafiya. Yaro, sauke ni haka nan."

"To Baba, yanzun nan."

Ina! Kafin ya ɗago, Baba ya koma wajen shirwa. Rumaisa ta matso ta yi ƙasa da murya. "Malam Nababa, ka daina durƙusawar nan ka ja birkin mana."

"In tsaya ƙerere a kan Baba? Ke ma kin san ba a yi mini wannan rainon ba. Bari ki ga dabarar injiniyoyi."

Dabarar ita ce ya ja birki daga durƙushe. Ya sunkuyar da kai don ladabi, ya miƙa hannu yana lalube, ya cafko wani gajeren ƙarfe ya finciko. Ashe na ƙara gudu ne. Lilo ya yi wani gurnani ya ɗauki wuta, babbar riga ta cika da iska, gaisuwa ta koma guntu-guntu.

"Yaya gona?"

"Alhamdu..."

"Yaya albasa?"

"Innalillahi..."

Jama'a suka taru, masu dariya na yi, masu salati na yi. Can sai hular tsoho ta yi fiffike, ta nufi gonar dawar da ke bayan waya. Kana tsammanin mai hankalin naka zai tsaya a kan birki? Ya ce hular suruki ba ta kwana a ƙasa yana raye. Ya tsallake waya, wandonsa ya bar rabinsa a can, ya kutsa cikin dawa.

Ihun mutane ne ya taso Kamaruddeen da cokali a hannu. Ya ja birki, lilo ya tsaya cak.

Aka kamo Malam Ɗanasabe aka zaunar a kan benci, yana riƙe da ƙasa da ƙafa biyu kamar za ta gudu. Sai ga Nababa ya dawo, ƙaiƙayi har gira, wando a yage, ya zube a gabansa ya miƙa hula da hannu biyu.

"Baba, barka da sauka. An ga aikin namu?"

Tsoho ya karɓi hula ya kaɗe, ya ɗora a kai.

"Na gani, yaro, daga sama ma na gan shi. Ladabi kuma kana da shi, ba a ƙwace maka ba. Gaisuwar da ka yi mini yau ta ishe ni har in koma ga Allah, saboda haka kada ka wahalar da kanka ka sake kawo wata gidana. Rumaisa, wuce mu tafi."