Rasuwar Sabon Saiti a Cikin Rumbun Gero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗan mamaki, ni Malam Bubayero na Gafasa nake sanar da manoman Ajingi da Gaya rasuwar Sabon Saiti, wanda ya zo duniya da hantsi, bai ga la'asar ba.

Marigayin haifaffen yatsun 'yata Hindatu ne. Ita ke kula da babbar kwamfutar ƙungiyar manomanmu, wadda ake kira uwar garke, ko da yake ban taɓa ganin garkenta ba. Kwamfutar ce ke tura wa kowa saƙo a waya ranar da tarakta za ta je gonarsa. Shekara da shekaru tana sa Malam Gaji a farkon layi, alhali Malam Gaji ya daɗe a kabari. Domin gyara wannan Hindatu ta rubuta umarni layi-layi, ta sake su suka gudu kamar tururuwa a baƙin allo. Nan aka haifi Sabon Saiti, wato sabon tsarin layin tarakta.

Mai kunya ne, ba ya cin komai sai caji. Abin da na ji ya faɗa a duk rayuwarsa shi ne "ƙit".

Ashe irinsu ba sa zama sai an ce su zauna. Saura layin ƙarshe, naƙuda ta kama Hindatu. Ana saka ta a adaidaita tana ihu: "Baba, ka adana! Don Allah ka adana!"

Na kuwa adana. Na naɗe ƙaramar kwamfutarta da take aikin a kai a sabon zane, na sa ta can ƙasan rumbu inda ɓera bai isa ba, na barbaɗa toka saboda gara, na rufe. A nan numfashinsa ya yi ta raguwa har cajin ya ƙare.

Da ta dawo daga asibitin Gaya ta ce, "Baba, maɓalli ɗaya fa za ka danna!" Na ce, "'Yar nan, ko irin shuka ban taɓa yi wa irin wannan adanin ba." Maikuɗi, shugaban ƙungiya, ya duba ya ce lallai babu ko ƙwarzane.

Sabon Saiti ya rasu ya bar Tsohon Saiti, wanda ya koma kujerarsa ko gaisuwa bai yi ba, da sa'ansa Muhammad Bashir, jikana, mai ƙoshin lafiya, da mu da muka share gonaki muna jira, ga hadari ya fara haɗuwa. Hindatu ta ce ba za ta sake haifo shi ba sai ta gama wankan jego.

Babu gawa, don haka za a binne zanen a gindin rumbu bayan azahar. Kowa ya zo da fartanyarsa, kuma kada ya ajiye ta nesa. Saƙo ya shigo ɗazu: gobe tarakta tana gonar Malam Gaji, kuma an roƙe shi ya fito da wuri.