Likitan Saiwa Ya Je Gaisuwa

Garinmu ya yi dace da Malam Kuroiwa. Wasu garuruwan yankinmu na Aomori noman gobo kawai suke yi, su soya, su ci da shinkafa. Mu kuwa muna da mutumin da ya gano cewa wannan doguwar saiwa ta fi asibiti. Likitan Saiwa muke ce masa, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Kakanninmu sun san gobo yana sassauta ciki, yana saukar da fitsari, yana kwantar da ƙuraje. Malam ya ƙara masa da maganin hawan jini, ciwon ƙoda da tsufa. Farar rigar likita yake sawa ya zauna a shagonsa na shayin gobo.

"Ku dube ni," yakan ce, yana dukan ƙirji. "Ban san ƙofar asibiti ba. Mai shan shayina yadda na tsara, sai ya ga jikan jikansa."

A lokacin kaka, Chizuru, 'yar gidan Numata, ta rasu. Ciwon ƙoda ne. Kowa ya san tana shan shayin Malam, sai ciniki ya ja baya.

Ranar sabuwar shekara Malam ya isa gidan, riƙe da akushin dakakken gobo, abincin fatan tsawon rai. Ko yaro ya san ba a kai wa gidan makoki abincin biki. Amma ilimin Malam ya wuce na yara. Ya cire takalmi, ya zura silifas ɗin baƙi, ya zauna gaban hoton yarinyar.

"Uwargida, shayina ba ya kuskure," ya ce wa mahaifiyar. "Hala kin bar shi ya daɗe a wuta? Ki faɗa wa mutane haka, don ilimi ya tsira."

Matar ta sunkuyar da kai. Dama tambayar da take yi wa kanta ke nan tun kaka.

Mijinta ya ajiye kofinsa. "Daidai ta dafa shi, Malam. Chizuru ma ba ta taɓa zarginka ba. Tausayinka take ji. Ta ce duk ranar wankin ƙodarta tana hango ka a asibiti a layin masu hawan jini, ka rufe fuska da ƙyalle, ka ja hula. Ta so gaishe ka, ta ga ba ka so."

Matar ta ɗago kai a hankali.

Malam ya tuna yana da wani muhimmin taro. Mun ga wucewarsa cikin dusar ƙanƙara, rungume da akushinsa, sanye da silifas ɗin mutane. Takalmansa na nan a ƙofar gidan har yau.