Gwazar da Vilimaina ta Hana Yanka

"Lafiya lau muka kwana, sai dai ganinka da sassafe ba alheri ba ne," in ji Vilimaina.

Sakiusa ya riga ya kutso cikin rumfar raga da ake killace shuka, adda a hannu, buhu a kafaɗa. Ɗan gwaggonta ne, tavale ɗinta, wato abokin wasa, kuma a ƙauyensu na Rewa duk abin da tavale ya ɗora wa ido ya zama nasa. Ya taɓa cire mata agogo a ƙofar coci, ta yi dariyar dole. Yau kuma gwazarta ya hango, wadda ta yi wata da watanni tana reno a tashar bincike, ko tsutsa ba ta taɓa lasa ba. Gobe malaminta zai sauka daga Brisbane a fara awo. Tushen da ganyensa ya ji rauni ya tashi daga aiki, in kuwa aikin ya lalace, digiri sai baɗi.

Ya ce gobe ake bikin cikar 'yarsa shekara, miyar ganyen gwaza da madarar kwakwa za a yi, kuma duk Rewa babu ganye mai taushin wannan.

"Ba zan bayar ba," ta ce.

"Tavale ba ta cewa a'a."

"To yau ta ce. Je ka kai ƙara."

"Zan kai. Zan faɗa wa ƙauye boko ya taɓa miki kai, kin auri gwaza."

"Ta fi ka amfani. Ita ba ta kwana a gindin kwanon kava, jiƙon saiwar nan mai bugarwa, ta tashi da ido kamar na kifin jiya."

"Mijin naki yana magana kuwa?"

"Ya fi ka iya ta. Kai in ka yanke yatsa sai matarka ta gaya maka."

Ya ɗaga addar yana auna wani lafcecen ganye. Ta sha gabansa, hannu a ƙugu, ta ce sai dai ya fara da ita. Daga nan ta fizgi rigarsa zuwa ɗakin awo, inda wani ɗan tsiron gwaji yake cikin akwati mai duhu, hotonsa a allon kwamfuta. An sa masa abin da ke haske in sinadarin kalsiyam ya shiga ƙwayoyinsa. Ta ba shi almakashi ta ce ya datse ganye guda, tunda ɓarna ce sana'arsa.

Ya datse. Haske ya tashi a bakin yankan, ya bi jijiya ya gangara, can sai ga shi a ganyen da ba a taɓa ba.

Ta yi masa bayani kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. In an yanki ganye, wani sinadari yana zubowa, gulutamet, shi ne dai na cikin farin magi. Yana taɓa wasu 'yan ƙofofi a jikin ƙwayoyin da ke kusa, su buɗe, kalsiyam ya afka ciki, wannan ta tashi waccan, har labari ya game tsiron, ya shiga shirin kare kansa. Ita kuwa gwazar da ba ta taɓa jin wannan labari ba take son aunawa.

"Wato magi ne ɗan aikensu," ya ce. "Shi ya sa girkinki ba ya daɗi, kin kwashe kin ba ciyawa."

"Kai da ka cinye tukunya guda ran Kirsimeti har da lashe murfi?"

"Tausayi ne. Gulma dai tsiron nan ya iya, a wurinku ya gada."

"Danginku ne masu gulma. Ka yanki gwazata ka gani, sai na bi ka har gida na kwashe aladunka, ni ma tavale ce."

Ya tsaya kallon allon har hasken ya dushe. Ya dubi addarsa, ya dube ta, ya gane yau ba wasa take ba. Sai ya fashe da dariya, ya jefar da buhun.

"Riƙe mazajenki, na yafe. Gonata akwai ganye, ko da tauri a ci." Ya leƙa taga, dariyar ta ragu. "Amma gwaggonki ce ta aiko ni, ga ta can ta sauko daga bas da kwando biyu."

Vilimaina ta leƙa ita ma. Abokin wasa ana iya ce masa a'a a sha surutu, amma ƙanwar uba ba a ma fara wa.

Sakiusa ya gyara zaninsa irin na mazan ƙauyensu, ya tasa ta suka koma rumfar, ta shiga, shi kuma ya zauna daram a bakin ƙofa, adda a kan cinya.

"Kulle daga ciki," ya ce. "Uwata ce, zagin yau ni zan sha."